Madannan yanke na gyaran rubutu a Word, LibreOffice da Google Docs: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu buga kundin kammala karatu, da ma'aikatan shagunan buga takardu, da marubutan da ke shirya littattafansu da kansu suke yawan maimaitawa. Yawancin amsoshin a kan Microsoft Word na kwamfuta mai Windows suke, domin shi ya fi yawa a hannun jama'a. Sunayen wuraren da za a danna an bar su yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta, don kada a sha wahalar nemansu.

Mene ne madannan yanke, kuma me zai sa in damu da su?

Madannai ne biyu ko uku da ake dannawa tare, su yi aikin da a da sai ka ɗauki linzami ka bi ta jerin umarni kafin ka kai gare shi. Kamar mai bin yanke ta lungu ne, maimakon ya zagaya ta bakin titi. Mai buga wasiƙa shafi ɗaya ba zai ga wani amfaninsu ba. Amma a kundi mai shafi 120, da babi biyar, da ƙananan kanu birjik, da baitocin waƙa a tsakiya, hannunka zai bar allon madannai ya dawo sau ba adadi. Nan lokaci ke tafiya, nan kuma kuskure ke shiga: kan babi na biyu girmansa 14, na babi na huɗu 13, ba wanda ya lura sai malamin da ke duba aikin.

Waɗanne ne Word ya riga ya zo da su?

Kafin ka ƙirƙiri naka, san waɗanda ke nan. Ctrl+B na sa rubutu ya yi kauri, Ctrl+I na mai da shi rubutun tsutsa, Ctrl+U na ja masa layi a ƙasa. Ctrl+E tsakiya, Ctrl+L hagu, Ctrl+R dama, Ctrl+J kuma ya daidaita gefe biyu. Tazarar layi: Ctrl+1 ɗaya, Ctrl+5 ɗaya da rabi, Ctrl+2 biyu, wadda ita ce aka fi nema a kundin jami'a. Shift+F3 na juya ƙananan baƙaƙe zuwa manya, ya sake dawo da su.

Waɗanda mutane ba su cika sani ba sun fi waɗannan muhimmanci. Ctrl+Alt+1, Ctrl+Alt+2 da Ctrl+Alt+3 na ɗora Heading 1, 2 da 3, wato kamannin babban kan magana da na ƙananan kanu. Ctrl+Shift+N na mai da sakin layi Normal, wato rubutun jiki na yau da kullum. Ctrl+Space na wanke duk gyaran da aka yi wa haruffa da hannu, Ctrl+Q kuma na wanke na sakin layi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne maganin rubutun da aka kwafo daga intanet ko WhatsApp ya zo da kalarsa da girmansa.

Ana ta cewa a ɗaura yanke a kan salo, ba a kan gyaran hannu ba. Mene ne bambancin?

Idan akwai amsa ɗaya da nake so a karanta a tsanake, wannan ce. Gyaran hannu shi ne ka zaɓi layi, ka ƙara masa kauri, ka ƙara girma zuwa 14, ka kai shi tsakiya. A ido ya zama kan magana, amma a wajen Word layi ne kamar kowane layi. Salo kuwa suna ne da aka ba tarin gyare-gyare: nau'in harafi, girma, kauri, tazara, gefe, duka a ƙunshi ɗaya. Kamar awon da tela ya rubuta ya ajiye ne. Ko riga goma za a ɗinka, daga awo ɗaya za su fito.

Amfanin yana bayyana ne ranar da aka ce a canza. Malami ya ce kanun babi su koma 16, a hagu maimakon tsakiya. Wanda ya yi gyaran hannu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya bai tsallake ɗaya ba. Wanda ya yi da salo wuri ɗaya zai gyara, duk kundin ya bi. Haka ƙumshiya: Word na tara ta da kansa daga Heading 1, 2 da 3, da lambobin shafinsu, ta References sai Table of Contents. Na sha ganin ɗalibi yana buga ƙumshiya da hannu, yana jera ɗigo har ƙarshen layi, sannan a ƙara sakin layi ɗaya a babi na farko duk lambobin su goce. Abin na ba ni tausayi, domin wahala ce da ba dole ba.

Saboda haka yanken da ke ƙara kauri da girma kawai ya rage maka daƙiƙa biyu ne. Yanken da ke ɗora salo ya rage maka daƙiƙa biyun, ya kuma rage maka kwana guda na gyara nan gaba.

To yaya zan ɗaura yanke a kan salo a Word?

A shafin Home, nemi salon a jerin Styles, ka danna shi da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Modify. A ƙasan tagar ta hagu akwai Format. Danna shi ka zaɓi Shortcut key. Wata taga za ta buɗe. Sa sandar rubutu a akwatin Press new shortcut key, ka danna madannan da kake so da yatsunka, kada ka rubuta sunayensu. Dubi layin Currently assigned to: idan ya nuna unassigned, wurin babu kowa. Sai Assign, sannan Close. Da yawa na mantawa da Assign, su rufe tagar, su ce abin ba ya aiki.

Idan salon naka ne na kanka, misali na baitocin waƙa, fara ƙirƙirarsa. Gyara sakin layi ɗaya yadda kake so, ka shigar da shi ciki daga hagu, ka matse tazararsa, sannan Ctrl+Shift+S, ka rubuta sabon suna kamar Baiti, ka danna Enter. Salon ya samu. A tagar Modify ka lura da Style for following paragraph: shi ke faɗin salon da zai biyo baya idan ka danna Enter. Kan magana a sa Normal ya biyo shi, baiti kuwa a sa baiti ya biyo shi. Wannan kaɗai na rage yawan yanken da za ka buƙata. Kafin ka rufe, karanta amsar da ke ƙasa kan yanken da ke ɓacewa, domin a wannan tagar ake yin kuskuren.

Idan ba salo ba ne fa, umarni ne kawai kamar soke kalma da layi?

Bi ta File, Options, Customize Ribbon, sai maɓallin Customize da ke ƙasa kusa da Keyboard shortcuts. A hagu akwai rukunoni. Zaɓi All Commands, ka gangara a dama har Strikethrough, sauran aikin daidai yake da na amsar da ta gabata. Can ƙasan jerin rukunonin akwai Macros, Fonts, Styles da Common Symbols, wato ko nau'in harafi guda kana iya ɗaura masa yanke. A Word 2007 hanyar ta maɓallin Office ce, sai Word Options, sai Customize. A Word 2003 kuwa Tools, Customize, Keyboard.

Waɗanne madannai ya kamata in zaɓa?

Kada ka taɓa na kowa da kowa: Ctrl+C, Ctrl+V, Ctrl+X, Ctrl+Z, Ctrl+S, Ctrl+P. Word ba zai hana ka ba, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba bayan wancan layi na Currently assigned to. Kana danna Assign ya ƙwace madannin daga mai shi. A kwamfutar shago da mutum uku ke amfani da ita, wannan rigima ce.

Dabarar da na fi so ita ce yanke mai hawa biyu. A akwatin sabon yanke danna Alt+Z, ka saki, ka danna W. Word zai rubuta Alt+Z,W. Yanzu Alt+Z ya zama ƙofa: W don waƙa, A don aya, T don rubutun cikin tebur, K don karin magana. Haruffan na bin sunan Hausa, ba sai ka yi hadda ba, kuma ba ka ƙwace wa kowa wuri ba.

A yi hattara da Ctrl+Alt. Windows na ɗaukarsa daidai da madannin AltGr, wato Alt na dama a wasu allunan madannai, don haka a allon madannai na Ingila, wanda ke kan laftof da yawa da ake shigowa da su na hannu, Ctrl+Alt+4 alamar kuɗin Yuro yake bugawa. Wanda ke son ya ɗaura Heading 4 a nan, tunda Word ya tsaya a 3, ya fara gwadawa. Matsalar ta fi tsanani a allon Faransanci, kamar yadda aka yi bayani a amsar masu aiki a Nijar. Madannan F1 zuwa F12 kuma a laftof sau da yawa sai an haɗa da Fn, in ba haka ba ƙarar sauti ko hasken fuska za su canza.

Na yi yanke jiya yana aiki, yau na buɗe sabon fayil babu shi. Me ya faru?

Dalili uku ne aka fi samu. Na farko akwatin Save changes in da ke tagar yanken. Idan sunan fayil ɗinka ne a ciki, yanken na wannan fayil ne kaɗai. Idan Normal.dotm ne, zai bi ka duk inda ka je a wannan kwamfutar. Normal.dotm shi ne samfurin da Word ke ɗebo kowane sabon shafi daga gare shi. Kafin Word 2007 sunansa Normal.dot.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Yanken na cikin Normal.dotm, amma salon da yake kira yana cikin tsohon fayil kawai, sai ya zama ana kiran wanda ba ya gida. A tagar Modify akwai zaɓi biyu a ƙasa: Only in this document da New documents based on this template. Zaɓi na biyun, salon ya shiga samfurin shi ma.

Na uku namu ne na gida. Word na adana canjin Normal.dotm ne lokacin da aka rufe shi. Idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu kafin ka rufe, ko batirin laftof ya ƙare, aikin na iya tafiya. Da ka gama shirya yankenka, rufe Word gaba ɗaya ka sake buɗewa, sannan ka ci gaba da bugu.

Na danna Ctrl+Alt+1, kalma ɗaya ce ta canza maimakon layin duka.

Ka zaɓi wani yanki na layin ne kafin ka danna. Heading 1 na cikin salon da ake kira linked, masu fuska biyu: idan an zaɓi 'yan kalmomi sai su gyara su kaɗai, idan ba a zaɓi komai ba sai su ɗauki sakin layin duka. Ajiye sandar rubutu a ko'ina cikin layin, kada ka zaɓi komai, ka danna. In kana son ka rabu da wannan hali, buɗe jerin salo da Ctrl+Alt+Shift+S ka sa alama a Disable Linked Styles.

Zan iya yin yanke na ɓ, ɗ, ƙ da ƴ?

Sosai, kuma ga mai rubuta Hausa ina ganin da su ya kamata a fara. Je Insert, Symbol, More Symbols. A akwatin Font bar shi a normal text, don harafin ya riƙa bin nau'in rubutun da kake ciki. A akwatin Character code rubuta lambar harafin: 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01B4 don ƴ. Manyansu: 0181 don Ɓ, 018A don Ɗ, 0198 don Ƙ, 01B3 don Ƴ. Da harafin ya fito, danna Shortcut Key, ka ba shi madanni. Alt+B, Alt+D, Alt+K da Alt+Y sun fi sauƙin tunawa, manyan kuma a ƙara Shift. Sai dai Alt+Shift+D na saka kwanan wata ne a Word, ka yanke shawara ko za ka iya rabuwa da shi. A Nijeriya 'y ake rubutawa, ƴ kuwa a Nijar aka fi amfani da shi.

A kwamfutar da ba taka ba, rubuta lambar ka danna Alt+X, ta rikiɗe ta zama harafin. Akwai tarko a nan da ya shafi Hausa musamman. Lambobin na ɗauke da haruffan a zuwa f, don haka idan za ka rubuta baƙi, ka buga ba0199, Word na iya ɗaukar haruffan da ka riga ka buga a matsayin wani ɓangare na lambar. Rubuta U+0199 maimakon 0199 kawai, matsalar ta kau.

Ina roƙon a guji tsofaffin nau'o'in harafin da ke ɓoye ƙ a bayan q ko wata alamar baka. Sun yi amfani a zamaninsu, amma da fayil ya je kwamfutar da ba ta da su, sai ƙasa ta koma qasa. Kuma a tuna yanken Word a cikin Word kaɗai yake aiki. Mai son haruffan a ko'ina ya ƙara allon madannai na Hausa a saitin harshe na Windows, ya riƙa sauyawa da madannin Windows haɗe da Space.

Ina buga littafi mai ayoyi da hadisai da Larabci. Yanke zai taimaka?

Nan salo ya fi nuna amfaninsa. Bayan ka ƙara Larabci a harsunan kwamfutar, tagar Font za ta nuna sashen Complex scripts, inda Larabci ke da nasa nau'in harafi da girma dabam da na boko. Yi salo mai suna Aya, ka ba shi Traditional Arabic ko Sakkal Majalla da girman da ya fi na boko, a tagar Paragraph kuma ka zaɓi Right-to-left. Ɗaura masa Alt+Z,A kamar yadda aka nuna a amsar zaɓen madannai, ka sa salon fassara ya zama mai biyo shi. Haka za a yi wa ajami.

Abin lura: da zarar an kunna Larabci, Ctrl da Shift na dama na juya sakin layi ya faro daga dama, Ctrl da Shift na hagu su dawo da shi. Idan layinka ya yi tsalle zuwa ɗaya gefen ba ka san dalili ba, yatsanka ne ya taɓa su.

A Nijar nake aiki, Word ɗina na Faransanci ne. Me ya sa Ctrl+B ba ya sa kauri?

Word na sauya wasu madannai bisa harshensa. A na Faransanci kauri Ctrl+G ne, daga kalmar gras, salon kanu kuma Titre 1, Titre 2 ake kiransu. Allon madannan ma AZERTY ne, wanda ake samu har a Kamaru da Chadi, inda lambobin layin sama sai da Shift, kuma AltGr ke fitar da @ da # da alamar Yuro. Tunda Ctrl+Alt da AltGr abu ɗaya ne a wajen Windows, duk yanken da ka gina a kansu na iya cin karo da waɗannan alamomi. Yanke mai hawa biyu ya fi zama lafiya a nan.

A LibreOffice Writer fa?

Tools, Customize, sai shafin Keyboard. A sama akwai jerin madannai duka da abin da kowanne ke yi. Waɗanda suka yi dishi-dishi ba a taɓa su. A ƙasa, cikin Category, gangara zuwa Styles, buɗe shi, zaɓi Paragraph ko Character, sai sunan salon. Zaɓi madannin a sama, ka danna Assign, wanda a tsofaffin fitowa Modify ne. A gefe akwai zaɓi tsakanin Writer kaɗai da LibreOffice duka.

Wanda ya saba da Word zai yi tuntuɓe a wuri ɗaya: a nan Ctrl+1, Ctrl+2 da Ctrl+3 kanu suke ɗorawa, ba tazarar layi ba. Ctrl+0 na mai da sakin layi rubutun jiki, Ctrl+M na wanke gyaran hannu, F11 na buɗe jerin salo. Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallan Save da Load a wannan tagar: ka adana yankenka duka a ƙaramin fayil, ka ɗora a wata kwamfutar cikin minti ɗaya.

Google Docs da waya fa?

Google Docs ba ya barin ka ƙirƙiri naka yanken. Abin da za ka iya shi ne ka lanƙwasa waɗanda ke nan. Ctrl+Alt+1 zuwa 6 na kanu ne, Ctrl+Alt+0 na rubutun jiki. Gyara layi yadda kake so, ka je Format, Paragraph styles, ka zaɓi Update Heading 4 to match, sai Ctrl+Alt+4 ya zama yanken wannan kamannin. Amma kada ka yi wa baiti ko aya wannan dabara, don za su iya shiga ƙumshiya a matsayin kanu. Ctrl+/ na nuna jerin yanken duka. Word na waya shi ma ba shi da tagar ƙirƙirar yanke.

Mac nake da shi.

A Word na Mac hanyar ita ce Tools, sai Customize Keyboard, kanu kuma Command+Option+1, 2 da 3. A Pages, manhajar rubutu ta Apple, ana ba salon sakin layi ɗaya daga F1 zuwa F8 ta jerin salon. Saitin Keyboard na Mac ɗin kansa yana da App Shortcuts, inda za ka ba kowane umarnin da ke cikin jerin umarnin manhaja yanke, muddin ka rubuta sunansa harafi da harafi yadda yake a manhajar.

Yaushe ake buƙatar makro?

Makro jerin matakai ne da Word ke naɗewa ya maimaita maka. Ba a buƙatarsa sai aikin ya ƙunshi matakai da salo ɗaya ba zai ɗauka ba, kamar ɗora salo, da saka layin sa hannu, da tsallakawa sabon shafi a dannawa guda. View, Macros, Record Macro, ka danna hoton allon madannai ka ba shi yanke, ka yi matakan, ka tsayar. Lokacin naɗin linzami ba ya zaɓar rubutu, da madannai za ka yi. Fayil mai ƙarshen docx ba ya riƙe makro, sai docm ko Normal.dotm.

Kafin ka je nan, duba ko salo zai wadatar, don sau da yawa yana wadatarwa. Misali jan layin da Word ke zubawa ƙarƙashin kowace kalmar Hausa: a Modify, Format, Language, sa alama a Do not check spelling or grammar, duk rubutun da ke kan wannan salon ya huta.

Yaya zan kai yankena wata kwamfutar, ko in goge su?

Rufe Word, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Templates a layin adireshin File Explorer, ka kwafi Normal.dotm a filasha. A sabuwar kwamfutar canza wa nata suna tukuna, kada ka goge shi, sannan ka ajiye naka a wurin. Tagar Organizer na kwashe salo da makro daga fayil zuwa fayil, amma ba ta kwashe yanke. A kwamfutar shago ko ta ofis gara ka adana salo da yanke a samfuri na dabam mai ƙarshen dotx, misali ɗaya na kundin digiri, ɗaya na littafin addini, kowa ya buɗe wanda aikinsa ke bukata ba tare da an taɓa Normal.dotm ba.

Don ganin abin da ka ƙirƙira, je File, Print, ka buɗe jerin da ke cewa Print All Pages, ka zaɓi Key Assignments. Takardar da ta fito a manna ta kusa da kwamfutar. Cire guda ɗaya kuwa a tagar yanken ne: zaɓe shi a Current keys, ka danna Remove. Reset All na share duk waɗanda ke cikin samfurin da ke akwatin Save changes in, har da na ɓ, ɗ da ƙ, don haka ka kwafi Normal.dotm ka ajiye kafin ka taɓa shi.